Ma'aunin Ya Zauna

Zuwa ga Barkono, daraktan gidan hotuna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Malama da Auta. Gaisuwar ke nan, ka riƙe ta da kyau, don abin da zai biyo baya ba gaisuwa ba ne.

Na kira wayarka ba ka ɗauka ba. Ko da ka ɗauka ma, ka san kunnena ya zama na ado, shi ya sa na koma ga takarda. Direban da ya kai maka hotunana ya dawo jiya. Na tambaye shi yaya ya ga aiki, sai ya yi ta sosa ƙeya. Da na matsa masa, ya ce an fara ratayewa, amma shi da yake ba ilimin abin gare shi ba, bai sani ba ko haka ake yayi yanzu: duk hotunan a daidai cibiyarsa suke. Ya ce babban nan na masu jiran jirgin ƙasa, sai da ya dafa gwiwa kafin ya ga fuskokin mutanen ciki.

Barkono, me na tsare maka? Shekara arba'in ina shafa fenti, kana bina da alƙalami. Ka rubuta a jarida cewa shuɗina irin na bokitin wanki ne, na haɗiye. Ka ce ina zana hannun mutum kamar wanda bai taɓa gaisawa da kowa ba, na haɗiye, har na koma na koyi zana hannu da furfurata. Duk baje kolin da ka taɓa shirya mini a gidanka, sai na sunkuya nake ganin aikina, na ce ba komai, Allah ne ya yi ni dogo. Amma wannan karon ka wuce gona da iri.

Ka san hannuna ya fara rawa. Ba zan sake cika ɗaki da hoto ba, wannan ne na ƙarshe. Ba zan yarda a tara mutane su zo su kalli aikin rayuwata kamar masu neman allura a ƙasa ba. In wani sabon salo ne ka karanto, ka gwada shi a kan yara masu tasowa. Ka ɗaga mini hotunana kafin ranar buɗewa, ko in turo direba ya kwaso kayana.

Ka gaida Malama. Ita kaɗai ce mai hankali a gidanka.

Naka, duk da haka,
Dogo

*

Dogo,

Na amsa gaisuwarka, na kuma amsa abin da ya biyo bayanta. Direbanka bai yi ƙarya ba.

Ka taɓa tambayar kanka da me nake auna bango? Ba ka taɓa ba, don ku masu zane daga firam ɗin da ke kewaye hoto zuwa ciki kawai kuka sani. A wasu gidajen da tef suke awo, da wata lamba da suka haddace daga littafi. Ni ban taɓa riƙe tef a gidan nan ba.

Lokacin da aka miƙa mini makullin wurin nan, ina yaro ɗan jarida mai ji da kansa, ba don na cancanta ba ne, don babu mai so ne. Rufin yoyo yake, tattabaru ne 'yan kallo. Na shirya baje kolina na farko, na rataye komai can sama kamar mai ɓoye kaya kada awaki su ci. Sai ga wata malamar makaranta ta shigo da 'yan ajinta. Na je ina hura hanci na tambaye ta yaya ta ga aikin. Ta ɗaga kai, ta sauke, ta ce, "Ni dai ban ga komai ba sai ƙasan firam." Na sha yi wa manya kaca-kaca a jarida, amma ba wanda ya taɓa yi mini sharhi mai zafin wannan. Na ce ta zo ta jingina da bango. Na sa fensir na yi alama daidai idonta, na sauke komai zuwa nan. Ta zagaya, ta dawo, ta ce, "Yanzu ya zauna."

Sauran ka sani. Da aka gaya wa danginta aikin zane nake, sun ɗauka atamfa nake sayarwa, shi ya sa ma suka ba ni ita. Tun daga ranar, duk baje kolin da za a yi, sai ta biyo in an tashi daga makaranta, ta cire takalmi, ta ba bango baya, in yi alama. Ba a buɗe ƙofa sai ta zagaya ta ce ya zauna. Kai kana ce mata Malama, ni a gida Ma'auni nake kiranta. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Sunkuyon da ka yi ta yi shekara da shekaru, ba ni kake yi wa ba.

Watannin baya ta faɗi tana guga. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Magana ta tafi, sai 'yan kalmomi da ke zuwa in sun ga dama. Ban rubuta maka ba don ban san yadda ake rubuta shi ba, ni da ban taɓa rasa kalmar da zan jefi mutum da ita ba. Yanzu a keken marasa lafiya take wuni. Da hotunanka suka iso, na tura keken jikin bangon ɗakinmu, na yi alama daidai idonta, na auna da zare daga ƙasa, na sa zaren a aljihu na tafi aiki.

Ni ban saukar da hotunanka ba, Dogo. Ma'aunin ne ya zauna.

'Yan kwamitin gidan sun zo sun gani. Shugabansu ya ce manyan baƙi za su koma da ciwon baya, na ce wasunsu dama ba su taɓa sunkuya wa komai ba, zai yi musu amfani. Bai yi dariya ba. Na ji wani yana raɗa cewa tsufa ya taɓa ni. Sun ce ko in ɗaga, ko in ajiye makulli, sai fa in mai zanen da kansa ne ya rubuto cewa haka yake so. Makullin bai dame ni ba. Abin da nake so shi ne ta ga wannan kamar yadda ta ga duk na baya, ta faɗi kalmarta, sannan a buɗe. Ta fi ni son aikinka, wannan ne kaɗai aibinta.

Ba roƙonka nake ba, ka san ban iya ba. Gaya maka nake. In ka turo direba, zan naɗe masa su da hannuna.

Ka huta lafiya.

Barkono

*

Zuwa ga Baba Dogo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan jikin da sauƙi, hannun kuma ya daina ba ka wahala. Ni ce Auta. Ka yi haƙuri da na tsallake Baba na rubuto maka, bai sani ba.

Jiya ya gaya mini ya ba ka amsa, ya ce yanzu magana tana hannunka. Shi ya sa na ce bari in kawo kukana tun kafin ka yanke. Baba Dogo, don Allah ka ce a ɗaga hotunan.

Na ɗauki hutu a wurin aiki na dawo gida ina jinyar Mama. Ni nake juya ta, ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci da ƙaramin cokali. Ba ƙorafi nake ba, uwata ce. Amma Baba yana fita da safe, ba ya dawowa sai yamma, da ƙurar bango a gashinsa. Duk tsawon wunin idon Mama na kan ƙofa. Ko iska ce ta motsa labule sai ta yi ƙoƙarin juyawa. In ya dawo sai ya zauna ta gefen da ya shanye, ya riƙe hannun da ba ya ji, wai kada hannun ya yi maraici, ya yi ta ba ta labarin ƙusa da fitila. Kafin a jima ya miƙe, ya tuna wani abu da bai gyara ba. Mutumin da zai tsaya gaban hoto ɗaya har ƙafarsa ta yi tsami, ya kasa zama ya kalli fuskar matarsa yadda ta koma.

Tun da na yi wayo nake rabon Baba da bango, kuma kullum bango ke cin babban kaso. Ina ƙarama a ƙarƙashin teburinsa nake barci ana buga guduma a kaina. Ban taɓa jin haushi ba sai yanzu.

Likita ya ce zuciyarta ta yi rauni, a rage mata motsi. Kai ka san babban ɗakin a saman bene yake, ka san matakalar nan mai lanƙwasa. Ta yaya za a hau da ita? Baba ya ce zai san yadda za a yi. In ka ce a ɗaga, zai yi fushi, zai ajiye musu makullinsu, ya dawo gida ya zauna. Abin da nake so ke nan, ban ɓoye maka ba. Mama ba hoto take bukata ba, mijinta take bukata, kuma ban san kwana nawa ya rage mata ba.

Ka yafe mini in na yi maka rashin kunya. Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Auta

*

'Yata Auta,

Na ga takardarki, na kuma ga ta ubanki, rana ɗaya suka iso. Allah ya ba Malama lafiya, ke kuma ya saka miki da 'ya'yan da za su ji ƙanki. Ba ki yi rashin kunya ba. Ni ne na yi, da na zauna ina zagin mutum a takarda ban san wutar da ke cin gidansa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na kwana biyu ina juya maganarki. Duk abin da kika faɗa gaskiya ne, ban ga inda zan cire ko ɗigo ba. Amma ba zan iya yi miki abin da kika roƙa ba, kuma gara ki ji daga bakina.

Na san ubanki tun ba shi da takalmi biyu. Hali zanen dutse ne. Ba gudun uwarki yake ba, yaren da ya iya ke nan. Wani da baki yake cewa ina sonki, ubanki da ƙusa yake faɗa. In na karɓe masa gudumar nan, zai dawo gida kamar yadda kike so, amma gangar jiki za ki samu a kan kujera. Uwarki kuma, da na san ta, ba za ta gode mini ba in ta ji an buɗe ƙofar gidan nan ba ta duba ba. Ta taɓa sa shi ya sauke bango guda ana gobe buɗewa, don ta ce hotunan suna faɗa da juna. Yana gunaguni ya sauke.

Na rubuta wa 'yan kwamiti cewa ni na ce a rataye su haka, sabon salo ne, wanda bai gane ba ya je ya yi karatu. Na kuma rubuta wa ubanki layi biyu, na ce ya yi maza ya gama ya koma gida. In na yi kuskure, alhakin a wuyana, ba a wuyanki ba.

Zan zo ranar buɗewa in Allah ya kai mu. Ki riƙe hannun Malama, na hagun, ki ce mata Dogo na gaisuwa.

Babanki,
Dogo

*

Baba Dogo,

Assalamu alaikum. Na san saƙo ya riske ka cewa Mama ta rasu. Mun gode da addu'a, Allah ya bar zumunci. An ɗage buɗewar. Na ce bari in rubuta maka yadda abin ya faru, don akwai abin da nake so ka yi mini, kuma wannan karon kada ka ce a'a.

Ana saura 'yan kwanaki a buɗe Baba ya ce komai ya kammala, a kawo ta. Na yi mata wanka, na sa mata kayan da take so, Baba da kansa ya goge mata tabarau ya sa mata. Ma'aikatan gidan ne suka ɗaga keken suka hau matakala da ita, suna yi a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Ni ina biye da su. Muka iso lafiya. An kunna fitilu, ɗakin sai warin sabon fenti, hotunanka sun zagaye mu.

Abin da Baba bai lura ba shi ne, lokacin da ya auna ta da zarensa, tana iya riƙe wuyanta. Daga baya wuyan ya saki, haɓarta ta sauko kan ƙirji. Ni da nake gyara mata matashi kullum na sani, amma ban taɓa haɗa shi da zancen bango ba. Na tura keken a hankali muna bin hotunan, ina ganin tana ta ƙoƙarin ɗaga ido, idon ba ya kaiwa. Da muka zo gaban babban, na masu jiran jirgi, sai ta yi wani sauti, na tsaya. Ta daɗe tana haɗa kalmar. Sannan ta faɗe ta tar, yadda ba ta yi magana ba tun faɗuwarta. Ta ce, "Ƙasan firam."

Baba Dogo, ni na riga na zagayo gefen hagunta. Na ga gefen bakinta ya ɗaga, na ga idonta ya yi ƙyalli, har kafaɗarta tana motsi. Dariya take. Tsokanarsa take, ranar haɗuwarsu take tuna masa, labarin da suka ba ni ya fi a ƙirga. Amma Baba yana gefen dama, yana riƙe da hannun nan kamar kullum. Ta nan fuskar ba ta motsi. Kalmar kawai ya ji.

 Ya ce, "Gaskiyarki. Zan gyara." Na ce, "Baba, wasa fa take yi maka." Ya ce, "Kada ki rarrashe ni, na san sharhi in na ji shi." Muka kai ta gida, ya sake auna ta a jikin bango, ya koma gidan hotunan. Ya hana ma'aikata taɓa komai, shi kaɗai yake zare ƙusa yana sake bugawa ƙasa da taƙi ɗaya. Washegari da la'asar numfashinta ya canza. Na aika a kira shi, aka same shi a bango na ƙarshe. Ya shigo ɗakin da guduma a hannunsa, ya tarar na riga na rufe mata ido.

Ina da haushi a zuciyata, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba kai nake jin haushi ba, kuma in na kalli Baba sai in rasa inda zan ajiye shi. Da ka yi abin da na roƙa, da yana kusa da ita. Da kuma ban ga wannan dariyar ba, ita ce ta ƙarshe da ta yi. Na kasa auna wanne ya fi nauyi.

Ga roƙona. Na sake gaya masa dariya take, ya ce tausayinsa nake ji. Ba ya cin abinci, yana ganin ta tafi tana ganin gazawarsa. Ku biyu ba ku taɓa jin tausayin juna ba, in kai ka faɗa zai yarda.

Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

'Yarka,
Auta

*

Dogo,

Na samu ta'aziyyarka, na gode. Na kuma gode da takardar da ka aika wa kwamiti. Ƙarya ce daga farko har ƙarshe, amma ita ce mafi kyawun abin da ka taɓa rubutawa.

Jiya na je gidan hotunan. Na sauke hotunanka duka, na jingina su a ƙasa a jikin bango, ba wanda ya ƙwarzane. Bangon ya cika da huji, zan sa a toshe kafin in tafi.

Ma'aunin ya tsaya, na buga ƙusa. Ya zauna, na buga. Yanzu ya kwanta, ban san inda zan buga ba. Na tsaya a tsakiyar ɗakin da fensir a hannu har mai gadi ya zo ya tambaye ni ko lafiya.

Na rubuta sharhi a kan mutane da yawa, wasu sun mutu ba su yafe mini ba. Nawa aikin kuwa sau biyu aka yi masa sharhi na gaskiya, a farko da a ƙarshe, kuma kalma ɗaya ce. Shekara talatin da ɗoriya, ashe inda na fara nan na ƙare. Ban ji ta ce ya zauna ba, saboda haka ba zan buɗe ƙofa ba.

Makulli na kan tebur, zan miƙa shi. Ko ka turo direba, ko ka bari wanda zai gaje ni ya rataye maka su da tef, a inda ka daɗe kana so. Ka yi haƙuri da na ɓata maka baje kolinka na ƙarshe.

Barkono

*

Barkono,

Gaisuwa, da ƙarin ta'aziyya. Allah ya jiƙan Malama.

Yau ni zan yi maka sharhi. Kai ka koya wa gari guda cewa ba a yanke wa hoto hukunci daga gefe ɗaya, sai ga shi ka tsaya ta gefen da ba ya motsi. 'Yarka tana ɗaya gefen, ta gani da idonta. Dariya take maka, tsohon banza. Ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta sake gaya maka maganar da ta sa ka aure ta, kai kuma ka tafi neman guduma. Ka san ban taɓa faɗa maka magana don ka ji daɗi ba.

Kada ka miƙa makulli, kada ka toshe huji, kada ka ɗaga ko ɗaya. Ka bar su a ƙasa inda suke, na rubuta wa kwamiti haka nake so. Ka koma gida ka ci abin da yarinyar nan ta dafa, ka zauna kusa da ita.

Ina tafe a jirgin jibi. Na yi shekaru ina sunkuya wa Malama ban sani ba, durƙuso ba zai kashe ni ba. Ka zo da wuri ka buɗe mini ƙofa, don in na durƙusa sai da mai tayar da ni.

Naka,
Dogo